Sunan 'Yar Fari

Ni dai tun ranar da na fara ɗora ido a kan Farfesa Lorna Bexley na san ba za mu sha inuwa ɗaya ba. Baturiya ce doguwa mai furfura, ta yafo wani yankin atamfa a kafaɗa, ga awarwaron katako reras a hannu, kana jin ƙararsu tun kafin ka ga mai su. Ta kama hannuna da hannu bibbiyu, ta karkatar da kai, ta ce mini da Turanci, "Ina saurarenki." Alhali ko sannu ban kai ga cewa ba. Wai ita ce ta rubuta wani ƙaton littafi a kan yadda ya kamata a saurari mata baƙar fata, har ana koyar da shi a jami'o'i. Amma duk sanda na buɗe baki sai ta ƙarasa mini maganar, kuma da abin da ban yi niyyar faɗa ba.

Sunana Hasiya. Nas ce ni a wani asibiti a unguwar Bronx, nan Amurka, gidana yana bayan Fordham Road. Abin da ya haɗa ni da wannan mata kuwa 'yar yayata ce, Khairunnisa, wadda muke ce wa Nisa. Daga Kano ta zo karatun digiri na uku, a falona ta sauka, a kan doguwar kujerata ta rubuta rabin kundinta, tana cinye mini gyaɗa tana zuba ɓawon a kofin shayi. Falsafa ta karanta. Da na tambaye ta me take bincike a kai, sai ta ce wai a kan wanda ake yarda da maganarsa ne da wanda ba a yarda, da yadda launin fata da zama mace suke sa a raina abin da mutum ya sani. Na ce mata, "Au, har sai an biya ki albashi kafin ki gano ba a jin maganar baƙar mace? Ki biyo ni asibiti gobe ki gani kyauta." Ta yi dariya har da riƙe ciki. A lokacin Nisa tana dariya sosai.

Kuma kada in ci amanarta, yarinyar tana da kai. Ta taɓa karanta mini wani babi da ta rubuta, inda take cewa baƙo idan ya tarar da mutane sun yi shiru a kan wani abu sai ya ɗauka babu komai a wurin, ko kuwa an toshe musu baki ne, alhali wani shirun shi ne maganar gaba ɗaya. Na ce, "To, wannan kam kin faɗi gaskiya, ko da yake kakarki ma ta san haka." Da ta gama aka ɗauke ta aiki a wata jami'a a Manhattan, a sashen da Lorna take shugabanta.

Aikin jami'arsu kuwa wani irin aiki ne. Shekara shida za ka yi kana koyarwa kana rubuce-rubuce, sannan wani kwamiti ya zauna ya jefa ƙuri'a a kanka. In sun yarda, sai a ba ka abin da suke kira tenure, wato kujerar dindindin, babu mai iya korarka. In ba su yarda ba, ka tattara komatsanka. Babu tsaka-tsaki. Nisa ta yi shekarun nan shida kamar mai tafiya a kan ƙwai. Ita ce a kowane kwamiti da ake son baƙar fuska, ita ce a hoton jami'a, ita ce ɗalibai baƙaƙe suke zuwa su yi wa kuka a ofis. Ta rame, ta daina zuwa suna da biki. Kuma shugabar kwamitin da zai yanke mata hukunci ba kowa ba ce sai Lorna, wadda a duk shekarun nan ba ta iya furta Khairunnisa ba. "Kay" take ce mata. Sarauniyar sauraro ke nan.

A shekarar ƙuri'ar, wajen bazarar 2017, yayata Fatsuma ta zo daga Kano a duba mata gwiwa. Ita ce mahaifiyar Nisa, kuma Nisa ce 'yarta ta fari.

Wanda ya tashi a gida irin namu ba sai an yi masa bayani ba. Yaya Fatsuma ba ta taɓa kiran sunan Nisa ba tun ranar da aka raɗa shi. "'Yar nan" take cewa, ko "ita waccan". Ba ta yabonta a gaban mutane, ba ta kallonta ido cikin ido in da baƙo a wurin. Kunyar ɗan fari ke nan, haka uwarmu ta yi wa babban wanmu har ta koma ga Allah. Amma ni na san abin da ke ƙarƙashin wannan shirun, don da ni ake aikawa. Lokacin da Nisa ta yi taifod tana ƙarama, ni aka sa na zauna da ita a ɗaki, Yaya kuwa tana bayan ƙofa a tsaye, ta ƙi ci ta ƙi sha, in na fito sai ta kawar da kai ta ce, "Ya mai jikin?" Da aka ce yarinya za ta tafi Amurka, baffanninta suka ce atafau ba a yi haka ba, Yaya ce ta bi su gida-gida, ba ta ɗaga murya ba, har suka saki. Bayan Nisa ta zo nan, duk sanda Yaya ta bugo mini waya sai ta tambayi aiki, ta tambayi sanyi, ta tambayi maƙwabtana 'yan Ghana da ba ta taɓa gani ba, sai can a ƙarshe, kamar abin da ta tuna a kan hanya, ta ce, "Mutanen gidan fa?" Ni da ita mun san mutum ɗaya take nufi, kuma don wannan tambayar ta sayi katin wayar. Nisa ma ta sani. In na ajiye waya takan leƙo daga kicin ta ce, "Anti, ta tambayi mutanen gidan?" In na ce eh, sai ta koma tana murmushi.

Da Lorna ta ji mahaifiyar Kay tana gari, sai ta ce lallai sai mun zo cin abincin rana a gidanta. Muka je ranar Lahadi. Gida ne babba a Brooklyn, bango duk an rataye fuskokin dodanni na katako, har Yaya ta yi a'uziyya a hankali tun daga bakin ƙofa. Aka kawo mana ganye da wani wake mai sanyi, ba gishiri ba barkono. Yaya ta ɗan taɓa don kada a ce ta raina. Ni ce tafinta, tunda Yaya ba ta jin Turanci.

Can sai Lorna ta matso, awarwaro suna ƙara, ta ce in tambayi Yaya ko tana alfahari da 'yarta.

Na faɗa mata. Yaya ta kalli gefe, ta ce, "Allah dai ya shirya."

Lorna ta ɗan yi turus. Sai ta ce, "Ki gaya mata na daɗe ina son in ji yadda ake furta sunan Kay daidai. Ina so in ji shi daga bakin wadda ta haife ta."

Shekara shida yarinya tana ofishin da ke kusa da nata, ba ta tambaye ta ba, sai yau. Na dai fassara. Yaya ta ja bakin mayafi ta rufe baki, tana 'yar dariyar kunya, ta ce, "Ke Hasiya, ki faɗa mata mana."

A nan na yi bayani, kuma wallahi na yi shi da kyau. Na ce wa Lorna a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, kuma ba ƙiyayya ba ce, matsayi ne da babu wanda yake samunsa a cikin 'ya'ya sai shi. Na ce abin da ya fi girma a zuciya shi ake sakayawa. Tana ta gyaɗa kai, idonta ya kawo ruwa, ta dafa ƙirji. Na ce to, alhamdulillahi, ta gane. Sai ta dafa mini hannu ta ce, "Na sani. Haka aka koya muku ku kira shi."

Na dubi Nisa. Nisa tana kallon wakenta.

Kafin mu tafi Lorna ta nemi ta ɗauki hoto, wai na tarihi. Yaya ta sake jan mayafi ta rufe baki, kamar yadda duk wata dattijuwar kirki za ta yi in baƙo ya nufo ta da kyamara.

Ba a jima ba labari ya zo mini. Sashensu yana da wata babbar lacca da ake yi duk shekara, shugabannin jami'a suna zuwa, masu ba da gudummawa suna zuwa. A bana Lorna ce za ta gabatar, kuma ta sauya take gaba ɗaya, ta koma wai za ta yi magana a kan 'yar da ba ta da suna a bakin uwarta. Ta ga banza ta faɗi. Nisa ce za ta yi sharhi bayanta, kuma ana roƙon mahaifiya ta zauna a layin gaba. Ƙuri'ar kwamiti kuwa bayan laccar ne da kaɗan.

A 125th Street na tare Nisa, mun je saya wa Yaya tsaraba wajen wani ɗan Nijar, Hamidou, mai sayar da turare da man kaɗanya a kan tebur. Na ja ta gefe, na ce, "Ke, wai da gaske uwarki za a ɗora a faifai a kai kasuwa?"

"Anti, ba haka ba ne."

"To yaya ne? Ki ce mata ba ki yarda ba mana."

"Anti, ba ki san yadda wurin nan yake ba. In na ce mata a'a yanzu, ba za ta yi faɗa ba. Murmushi za ta yi, ta ce ta fahimta. Sai a ɗakin kwamiti ta ce tana da 'yar damuwa a kan zurfin aikina. Shi ke nan, an gama da ni. Shekara shida, Anti. Ina zan je?"

Na ce, "Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski, na ji. Amma da kan uwarki za a yi askin?"

Ta ce in kwantar da hankalina. Ta ce ai faɗuwa ce ta zo daidai da zama, tunda ita za ta yi magana a ƙarshe. Za ta bar Lorna ta gama, sannan ta miƙe a gaban kowa ta warware maganar cikin ladabi, da hujja, da wancan babin nata na shiru. Har ta ce ta riga ta rubuta, kuma shi ne abu mafi kyau da ta taɓa rubutawa. Idonta yana ƙyalli kamar na da can. Na yarda da ita, don na san ta iya.

Na ce, "Ita Yayar kin gaya mata abin da za a yi?"

Ta ce, "Na ce mata taro ne na wurin aikinmu."

Ranar laccar, bayan azahar, Yaya ta fito da leshinta mai ruwan zuma wanda ba ta sa shi sai babban biki, ta sa turare, ta ɗaura ɗan kunnen gwal ɗinta. A cikin jirgin ƙasa sai da ta tambaye ni, tana kallon taga, "Ita waccan ce za ta yi jawabi?" Na ce eh. Ta ce, "To." Ta gyara zaman mayafinta.

Zauren ya cika. Ga manyan jami'a a gefe, ga 'yan kwamiti a layi na biyu, dama Nisa ta nuna mini su. Aka zaunar da mu a gaba. Lorna ta hau, yau atamfar ma ta fi ta kullum girma. Ta fara da cewa mu yi shiru na ɗan lokaci don tunawa da duk matan da aka hana magana. Aka yi shiru. Daga nan ita kaɗai ta yi magana kusan awa guda.

Da farko ina fassara wa Yaya a kunne, ina tace abin. In Lorna ta ce zalunci, sai in ce tana maganar al'adu. In ta ce an danne mata, sai in ce tana maganar rayuwar mata. Sai kawai aka haska hoto a bango, ƙato, ya fi ƙofa tsawo. Yaya Fatsuma ce, ta rufe baki da mayafi, ga dodon katako a bayanta. Zauren ya yi wani irin nishi na tausayi.

Yaya ta kalli hoton. Ta kalle ni. Ta ce, "Hasiya, bar kwana-kwana. Me take cewa?"

Ban taɓa iya yi wa Yaya ƙarya tana kallona ba. Na faɗa mata kamar yadda yake fitowa. Wai ga wata mata da maza suka ɗaure wa harshe tun kafin a haife ta. Wai an hana ta furta sunan abin da ta haifa, har ta kai ita ma ta ɗauka ɗaurin nan ado ne. Wai ba ta san abin da aka yi mata ba, domin ba a ba ta kalmomin da za ta sani ba. Wai ga kuma 'yarta, wadda ta girma ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwa ba, ta tashi da rami a zuciya, kuma wannan ramin ne ya mai da ita masaniya. Matar da ta ci abinci sau ɗaya da Yaya, ta bakin tafinta, ita ce ta san duk wannan. Mutane suna ta rubutawa.

Yaya ba ta motsa ba. Ta dai ce, "Bari mu ji ita waccan."

Aka tafa wa Lorna har wasu suka miƙe. Sannan aka kira Nisa. Ta hau da takardunta a hannu, ta ajiye su, ta gyara abin magana. Ta kalli takarda, ta ɗago ta kalli layi na biyu, ta kalli Lorna, wadda ta zauna ta haɗa hannuwa a ƙirji tana yi mata murmushin uwa. Mu dai ba ta kalli inda muke ba. Na ce a raina, yi magana, 'yar nan, ga ranarki.

Sai ta juya takardun ta kife su.

Ta ce tana godiya ga Farfesa Bexley. Ta ce akwai abubuwan da mutum yake ɗauke da su tun yana yaro bai san sunansu ba, sai wani mai hangen nesa ya zo ya ba shi kalmomi. Ta ce tabbas lamarin yana da sarƙaƙiya, akwai fuskoki da dama, kuma tana fatan za a ci gaba da tattaunawa. Ta yi ta zuba irin wannan ruwan na ɗan lokaci, Turanci mai santsi wanda ba ya kama komai. Babin shiru kuwa ko ƙamshinsa ban ji ba.

Da aka ba da damar tambaya, wata ɗaliba mai jan gashi ta miƙe ta ce, "Dakta, ki yi haƙuri da tambayar. Abin ya yi miki ciwo? Da mahaifiyarki ba ta taɓa kiran sunanki ba?"

Tambaya ce mai sauƙi. A'a kawai za ta ce, ko ta ce ba haka abin yake ba. Lorna ta karkatar da kai.

Nisa ta ce, "Eh. Ya yi."

Wannan ba sai na fassara ba, eh ɗin Turanci kowa ya san shi. Yaya ta ce, "Me aka tambaye ta?" Na faɗa mata. Ta sa hannu ta shafa leshinta a kan gwiwar nan mai ciwo, ta sake shafawa. Ni kam don haushi na ce, "Yaya, tashi mu tafi." Ta ce, "A'a. Ba a tashi ana tsakiyar taron mutane."

Bayan an tashi aka shiga wani ɗaki da aka jera cuku da 'ya'yan inabi. Mutane suka yi ta zuwa suna kallon Yaya da idon tausayi, wata har da shafa mata kafaɗa kamar an yi mata rasuwa. Nisa tana can nesa, 'yan kwamiti sun kewaye ta, wani tsoho mai gemu yana ce mata ta nuna jarumta. Jarumta! Na ga jarumai a ɗakin haihuwa, ban ga mai kama da wannan ba.

Sai ga Lorna ta ratso mutane, ta jawo Nisa da hannu ɗaya, ta kawo ta gaban Yaya. Ta durƙusa, awarwaro suna kaca-kaca, ta ce in gaya wa Yaya babu wanda yake ganin laifinta, kuma a wannan ɗakin tana da 'yancin faɗin duk abin da aka hana ta faɗa.

Na ce, "Yaya, wai kina da 'yanci."

Yaya ta ce, "Na ji. Kama ni in tashi."

Na kama ta ta miƙe. Ta sauke mayafin daga bakinta, ta gyara shi a kafaɗa. Ta dubi Nisa tsakiyar ido, a gaban duk baƙin nan, abin da ban taɓa gani ba tunda nake. Sannan ta buɗe baki, da murya sarai, ba rawa ba gardama.

"Khairunnisa."

Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Sunan ya fito daidai, kowane harafi a wurinsa, kamar ta shekara tana kiransa.

"Khairunnisa, sannu da aiki. Kin yi ƙoƙari ƙwarai, kin iya jawabi. Allah ya ƙara ɗaukaka, ya ba ki kujerar da kike nema."

Haka ake yi wa 'yar maƙwabta barka in ta ci jarrabawa. Haka Yaya take yi wa 'ya'yan kowa, da fara'a da sakin fuska, don ba nata ba ne.

Lorna ta fashe da kuka. Ba ta jira fassara ba, sunan dai ta ji. Ta juya ga mutane tana cewa, "Ta faɗa! Kun ji? Ta faɗa!" Ɗakin ya ɗauki tafi, wasu suna share hawaye, wani ya ɗaga waya yana ɗauka. Ɗalibar nan mai jan gashi ta rungume ƙawarta. A duk ɗakin mutum uku ne suka san abin da ya faru, kuma babu mai tafi a cikinmu.

Nisa ta yi fari fat. Farantin da ke hannunta ya karkace, inabi suka zube suna gangarawa ƙarƙashin tebur. Ta durƙusa a gaban uwarta, ta ce da Hausa, a hankali, "Umma, don Allah. Umma, ki bari."

Yaya ta ce, "A'a, tashi, Khairunnisa, kada ki ɓata kayanki. Ga mutanenki suna jiranki." Ta juyo gare ni ta ce, "Hasiya, mu je, kada la'asar ta wuce mu."

Muka hau jirgin ƙasa muka koma Bronx. Da muka shiga gida ta cire ɗan kunnen ta ƙulle a bakin zani, ta yi alwala. Na yi ta zagin Lorna ina safa da marwa a falo, na zagi atamfarta, na zagi wakenta, na zagi jami'ar da ta ba ta kujera. Yaya ta sallame, ta ce, "Ki bar baiwar Allah. Ita baƙuwa ce, abin da ta gani ta faɗa. Ba ita aka tambaya ba."

Ƙuri'a ta yi kyau, babu ko mutum ɗaya da ya ƙi. Nisa ta samu kujerarta, aka ba ta ofis mai taga. Lorna ta mai da laccar babi a sabon littafinta, ta rufe shi da labarin yadda wata uwa 'yar Afirka ta samu muryarta a zauren jami'a, a gaban idonta. An ce babin yana sa ɗalibai kuka. Ta aiko mini da kwafi, ta rubuta a ciki wai ga Hasiya, wadda ta koya mata sauraro. Yana nan, na tokare tagar kicin da shi, don ƙugiyar ta lalace. Har yau kuma Kay take ce wa Nisa.

Yaya ta koma Kano bayan an gama mata aikin gwiwa. Kafin ta tafi Nisa ta yi ta zarya gidana. Ta zo da wancan sharhin da ta kife, ta zauna a ƙasa ta fassara wa uwarta shi da Hausa tun daga farko har ƙarshe, tana kuka. Ni ma da nake jin haushinta sai da na yarda abu ne mai kyau, babu ƙarya a ciki ko ɗaya. Yaya ta saurara har ta gama, ta ce, "Ma sha Allah, Khairunnisa, kin iya rubutu." Ba ta yi fushi ba, ba ta yi gori ba. Ko a filin jirgi da sunan ta yi mata sallama, har da riƙe mata hannu.

Yanzu Nisa takan zo mini ranar Asabar, ta san ranar Yaya take bugowa. Ta yi ƙiba kaɗan, tana sa kaya masu tsada, ana gayyatarta ƙasashe ta yi magana a kan waɗanda ba a saurara. Sai ta shige kicin ta ce za ta dafa shayi, ta bar ƙofa a buɗe. Ina ji ba ta kunna murhu ba.

Makon jiya ma haka aka yi. Yaya ta tambayi aiki, ta tambayi sanyi, ta tambayi maƙwabtana 'yan Ghana. Muka yi sallama, na ajiye wayar. Nisa ta leƙo, kofi a hannu, babu komai a cikinsa.

"Anti, ta tambayi mutanen gidan?"

Na ce, "A'a. Ta dai ce in gaida Farfesa Khairunnisa."